Fensir a Kalandar Banɗakin Gwaggo Riek

Masu karatu, yau sai kun yi haƙuri da ni, domin labarin nan daga banɗaki zai fara. Ba ni na so hakan ba, haka danginmu suke.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Renske Doornbos, shekarata ashirin da shida, ina aiki a kantin tabarau da ke bakin kasuwar garinmu. Aikina kenan tun safe har yamma, kallon hancin mutane ina auna inda gilashi zai zauna. A nan na haɗu da Hidde. Ya shigo da tabarau a hannu, ya ce kullum zamewa yake yi. Na dubi hancin nan dogo mai ɗan tudu a tsakiya, na ce masa laifin ba na tabarau ba ne. Maimakon ya ji haushi sai ya ce, "Gaskiyarki." Tun daga ranar nake son sa, kuma ba na jin kunyar faɗa.

To, mu koma banɗaki. A ƙasarmu kowane gida yana da kalandar ranakun haihuwa a bayan ƙofar banɗaki, amma a danginmu ta Gwaggo Riek ce kaɗai ake lissafi da ita. Gwaggo yayar Baba ce, ita ta raine shi, har yau kuma in ta yi tari sai ya gyara zama. Dokarta ɗaya ce. Wanda yake jininmu da biro ake rubuta shi, wanda ya shigo ta hanyar soyayya kuwa da fensir. Ga robar gogewa nan a rataye da zare kusa da kalandar, kowa ya zauna yana kallonta. Mama sai da ta yi shekara huɗu a fensir. 'Yan matan Yaya Joost kuwa, saboda yawan rubutawa da gogewa har watan Maris ya huje. Wanda Gwaggo ta goge ba a sake ajiye masa kujera, ba a kuma sake ambaton sunansa, ko da kuwa a layi ɗaya kuke zaune.

Hidde yana ranar tara ga Oktoba, da fensir, wata goma sha ɗaya kenan. Duk zuwan da na yi gidan Gwaggo, kafin in cire riga sai na leƙa na ga ko yana nan.

Abu na biyu da ya kamata ku sani shi ne zanen da ke saman doguwar kujerar Gwaggo. Kwafi ne, na ainihin yana gidan tarihin garinmu, ya kusa shekara ɗari huɗu. Wata hamshaƙiya ce a zaune, Uwargida Machteld, cikin baƙar riga da farar kwala mai faɗin faifai, gabanta tebur da sukari da lemon tsami da ƙaton cuku wanda aka gutsure gefensa. Tun ina goye ake gaya min wannan kakarmu ce. Can a lungu wajen ƙofa, cikin duhu, akwai wata mai riƙe da bokiti, katakon hoton ma ya cinye rabinta. Ita ba ta da suna a wajenmu, mai bokiti kawai muke ce mata.

Gwaggo shekara talatin da takwas ta yi tana goge daɓen makarantar firamare. In ta dawo takan zauna a ƙarƙashin zanen nan, ta shafa mai a hannunta da ya tsattsage, ta ce, "Aiki ne ya ɓata min hannu, amma jinina na masu zama a kujera ne." Muna yara mu yi ta dariya. Da na girma na daina.

Hidde kuwa a gidan tarihin yake aiki, shi ne mai tonon tsofaffin takardu. Abin da ya sa ma Gwaggo ta yarda ta ɗauki fensir dominsa kenan.

Ranar Juma'a da hantsi ina goge gilashi sai ga saƙonsa.

"Kina da minti goma da rana? Akwai maganar da ba ta cikin tsarin yau."

Jama'a, Hidde mutum ne da ko zuwa aski sai ya rubuta a littafinsa sati uku kafin ranar. Mutum irin wannan ya ce yana da magana a wajen tsari, me za ku ɗauka? Ni ma shi na ɗauka. Na shiga bayan kanti na shafa jan baki, na warware gashina, na cire rigar aiki na bar shuɗiyar rigata mai maɓallai a gaba. Har yatsan hannun hagu na shafa wa mai, inda zoben baiko zai zauna.

Na same shi a benci bakin ruwa, ya baje burodi da cuku a cinya. Ya miƙo min rabi.

"Wannan ta lungu ce kakarku," ya ce.

"Wace ta lungu?"

"Mai bokiti. Sunanta Neeltje. Na bi littafin cocin tun daga babanki har na kai gare ta, babu tsallake ko ɗaya. Ba ku haɗa komai da Machteld ba, sai dai wanki."

Na sauke hannun hagun da na ɗora a gwiwa don ya gani.

"To yaya aka yi muka..."

"Kakan kakanku ne, ina jin. An ce masa kakarsa tana cikin zanen. Ya je ya ga mata biyu, ya zaɓi wadda take zaune."

"Hidde, wa ya sani ban da ni da kai?"

"Yanzu dai babu. Gobe ƙarfe huɗu kowa zai sani. An riga an manna bayanin a bango."

Gobe Asabar Gwaggo take cika shekara saba'in, kuma gobe ake buɗe sabon nunin da Hidde ya yi shekara biyu yana wahala a kai, wanda suka sa wa suna "Wa Ya Wanke Kwalar?" Gwaggo ta daɗe da sanar da dangi cewa bayan an ci kek kowa zai hau keke a rankaya gidan tarihi, a yi mata hoto kusa da kakarta. Sati biyu ta yi tana ɗinka kwala irin ta Machteld da tsohon labulen kicin.

"Ka cire bayanin," na ce.

"Ba zai yiwu ba. Nunin dukkansa a kan irin su Neeltje ne."

"To ka rufe shi da wani abu. Ka ce ana gyara."

"Ba a gyara."

"Na sani ba a gyara! Cewa za ka yi."

Ya tura tabarau sama ya dube ni kamar na ce ya jefa kekensa a ruwa. "Renske, ba zan je in same ta da maganar ba. Amma in ta tambaye ni, zan faɗa mata."

"Goge ka za ta yi."

"Mai yiwuwa." Ya ci gaba da tauna. "Akwai ma wani abu na biyu, amma ban gama tabbatarwa ba. Ina jiran amsa daga ma'ajiyar takardun lardi."

"Riƙe abinka, ɗaya ma ya ishe ni."

"Kin shafa jan baki," ya ce. "Akwai wani abu ne a kanti?"

Na tashi na bar masa bencin.

Asabar ƙarfe biyu daidai muka danna ƙararrawar Gwaggo. Na sa koriyar riga mai dogon hannu da takalmi mara tsini, don na san akwai gudu a gabana. Hidde ya sa rigarsa mai ruwan toka ya riƙo furanni. An jera kujeru an zagaye falo kamar kullum, mutum goma sha tara, gwiwa na gogar gwiwa. A al'adarmu ba mai bikin kaɗai ake taya murna ba, har duk wanda ya zo, don haka Hidde ya fara daga hannun dama yana bi ɗaya bayan ɗaya yana musabaha.

"Ina taya ka murna da yayarka," ya ce wa Baba.

"Ina taya ki murna da yayar mijinki."

"Ina taya ka murna da gwaggonka."

"Ina taya ki murna da maƙwabciyarki."

Har mai gyaran famfo da tsautsayi ya kawo a ranar sai da ya taya shi murna. Ni ina biye da shi, bakina yana taya murna, idona yana kan Gwaggo.

Tana zaune a ƙarƙashin zanen, cikin baƙar rigar da ta sa ranar jana'izar mijinta, ga kwalar labule ta sha sitati ta miƙe cir, har ba ta iya ganin farantin da ke cinyarta. Sai dai ta laluba da cokali ta kewayo da kek ta saman kwalar. Ba wanda ya yi dariya. Yaya Joost ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, kafaɗunsa suna rawa.

Matsalar zaman zagaye ita ce babu lungun ɓuya. Magana ɗaya ce, kowa yana ji. Dabarata kuwa ba ta wuce ɗaya ba, kada Gwaggo ta tambaya, in kuma ta tambaya kada bakin Hidde ya kasance a sake. Na jawo farantin yankakken cuku na ajiye a cinyata.

"Ɗan nan," Gwaggo ta ce, ta juyo gaba ɗayanta don wuyan ba ya juyuwa, "me kuka rubuta a kan kakata?"

Na cusa masa cuku.

"Yana jin yunwa, Gwaggo, bai karya ba."

"Na kar..." Na ƙara masa wani.

Baba ya shigo da zancen kuɗin ajiye mota a tsakiyar gari, Allah ya saka masa, aka yi minti ashirin a kai. Gwaggo ta sake dawowa.

"Na ce, an sa sunan danginmu a bangon kuwa?"

Hidde ya haɗiye da sauri. "An sa."

Gwaggo ta lumshe ido don daɗi. Ni kuwa na tura masa guda biyu a haɗe, har da kokwamba.

Mama ta sunkuyo ta raɗa min, "Ke Renske, uku-uku aka yanka wa kowa. Saurayinki ya ci goma sha ɗaya. Mutane suna gani."

Da cuku ya ƙare na ce zan shiga banɗaki, na zarce ta ƙofar baya na sace iskar tayar keken Gwaggo. Na manta cikin waɗanne mutane nake. Mutum bakwai ne suka zaro famfon keke daga jaka, Baba ya cika tayar kafin in gama yin fuskar mamaki. Na ɗaga kai na ga hadari ya haɗo, na ji daɗi, na ce ai ruwa zai ɓata kwalar, a bari sai wani satin. Gwaggo ta ɗauko ledar shara sabuwa, ta huda tsakiyarta, ta zura kai.

Muna sa rigunan ruwa a soro ta riƙo hannuna ta ja ni gefe. Ta buɗe jakarta ta nuna min biro sabo fil, shuɗi, ko murfinsa ba a taɓa cirewa ba.

"In yaron nan ya tsayar da ni gaban kakata yadda ya kamata," ta ce, "yau zai fita daga fensir. Kada ki gaya masa."

Masu karatu, na so in zauna a ƙasa in yi kuka. Wata goma sha ɗaya ina jiran wannan biron, sai yau ya ga damar zuwa.

Haka muka jera, keke goma sha tara cikin ruwa, Gwaggo a gaba leda tana kaɗawa.

Gidan tarihin ya cika. Ɗakunan da na sani tun ina makaranta ne, zanen ma su ne, amma an canza musu magana. Da, a ƙarƙashin kowane zane sunan mai kuɗin da ke ciki ake rubutawa. Yanzu an ƙara da wanda ya haƙo makamashin da ke ci a murhu, da matar da ta gyara kifin da ke faranti, da yaran gidan marayu da suka saƙa leshin hannun riga. A gaban wani zane mai tulin sukari an rubuta sunan gonar da ya fito can ƙetaren teku, da sunayen bayin da aka samu a takardun gonar, layi bayan layi. Baba ya tsaya nan ya daɗe. Na ga ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Gwaggo ba ta tsaya ko'ina ba. Ta cire leda, ta gyara kwala, ta nufi ɗakin ƙarshe, mu kuma muna binta a baya.

Na sha gabanta da gudu. Zanen yana nan shi kaɗai a bango, an wanke shi, an canza masa katako, duhun lungun nan ya washe. Fitila ma ba a kan Machteld aka haska ba. Bayanin yana gefen dama, na je na jingina da shi, na baza rigar ruwata kamar kaza a kan ƙwai.

Gwaggo ta tsaya ta ɓangaren Machteld, ta ɗaga haɓa, ta ɗora hannu ɗaya a kan ɗaya. Yaya Joost ya ɗaga waya.

"Malama, kin tare rubutu," wani dattijo ya ce min.

"Jiri nake ji."

"Ga benci can."

"Na fi son bango."

"Ba ke kaɗai kika zo ba," in ji matarsa. Ta kama gefen rigata ta ɗage kamar labule, ta fara karatu.

Da Gwaggo tana sanye da tsohon tabaraunta da na tsira. Amma ni da hannuna na yanka mata sabo watan jiya, har ina yi mata alfahari cewa za ta hango lambar mota daga ƙarshen layi. Na ga idonta ya sauka a kan sunanmu, ya koma farkon layi, ya sake bi a hankali.

"Ɗan nan," ta ce. "Zo nan."

Hidde ya matso. Na laluba aljihuna, babu ko ɓarɓashin cuku.

"Wace ce kakata a cikin matan nan biyu?"

"Mai bokiti, Gwaggo."

Yaya Joost ya saki wata irin ƙara ta hanci, Mama ta mintsine shi. Baba ya zuba wa silin ido kamar an ce masa yana yoyo.

"Ka tabbata?"

"Na tabbata. Sau uku na bi."

"Kuma ka zauna a falona ka cinye min cuku kana sane?"

"Ba ni na ɗiba ba, Gwaggo. Amma ina sane."

Na rufe ido. A raina har na ji ƙarar robar nan tana cin takarda.

"To faɗa min," Gwaggo ta ce. "Wace ce ita?"

Hidde ya tura tabarau sama ya fara, da muryar da yake karanta min jadawalin jirgin ƙasa. Sunanta Neeltje. Tana da shekara goma sha huɗu ta shiga gidan Machteld, ta yi shekara goma sha ɗaya a can. Kwala irin wannan guda ɗaya, wanki da sitati da naɗi, yini guda take ci, kuma Machteld tana da tara. Ranar da ake zanen an tsayar da Neeltje a bakin ƙofa da bokiti cike da ruwa tun safe har la'asar. Da mai zanen ya fita shan iska, ta ajiye bokitin ta gutsuri cukun nan. Shi kuma ya dawo ya zana shi yadda ya same shi.

"Da uwargidan ta ga zanen ta gane," in ji Hidde. "Ta kore ta a watan Janairu, lokacin da ruwan gari duk ya daskare. Yana cikin littafin masu neman taimako na coci, har da dalilin. Daga baya ta riƙa sayar da kifi a kan gada. Ta haifi bakwai, ta yi shekara tamanin da ɗaya."

Gwaggo ta bar ɓangaren Machteld ta koma ɗaya gefen, ta matsa har ta tsallake layin da aka ja a ƙasa, na'ura ta fara ƙara. Mai gadi ya taso, Hidde ya ɗaga masa hannu ya tsaya.

Ni ma sai a lokacin na kalli Neeltje sosai. Hancinta gajere mai faɗi, irin wanda tabarau ba ya samun wurin zama a kai. Irin na Baba ne, irin na Joost, irin nawa. Ni da nake cin abinci da kallon hanci, shekara ashirin da shida ban taɓa tambayar kaina inda dogon hancin Machteld ya shige a danginmu ba. Amma Gwaggo ba hanci take kallo ba. Hannun take kallo, jajaye, gaɓoɓin sun kumbura, mai zanen har tsagar fata ya fitar.

Ta ɗaga nata hannun ta riƙe shi kusa da na zanen.

"Kafaɗarta ta hagu ta sauka," ta ce a hankali. "Da hagu take ɗauka. Sai ta kai arba'in za ta fara jin ciwon."

Muryarta ta karye a ƙarshe. Tausayinta ya kama ni har na manta da kalanda, na manta da biro.

Gwaggo ta kai hannu bayan wuya ta ɓalle kwalar. Ta duba inda za ta ajiye ba ta samu ba, sai ta rataya wa Hidde a wuya kamar ƙusa ta samu a bango. Ta juya ta ratsa mutane ta fita.

Hidde ya tsaya nan a gaban zanen da kwalar labule a wuya, fuskarsa dab da ta Machteld. Na dube shi, na dube ta. Wani abu ya taɓa ni a zuciya, amma Mama ta fizgi hannuna ta ce mu bi Gwaggo kada ta faɗa ruwa, na bar tunanin a can.

Ba ta faɗa ruwa ba. Kafin mu kwance kekunanmu har ta sha kwana. Da muka isa gida mun tarar da ƙofa a buɗe, kujeru a zagaye yadda muka bar su, banɗaki a kulle. Kowa ya koma kujerarsa ya zauna, don ba mu san wani abin yi ba. Falon ya yi shiru har muna jin abin da ake yi a ciki. Ƙarar roba ce a kan takarda, a hankali, ba gaggawa.

Hawaye suka zubo min. Hidde ya miƙo min hankici, ya ce a kunnena, "Ko ta goge ni, Lahadi ƙarfe uku ina nan zuwa wajenki. Yana cikin littafi." Na san ba wata babbar magana ba ce, amma daga bakin Hidde ta fi min waƙa.

Bayan minti ashirin Gwaggo ta fito, ido jajir. Ta wuce kicin ta dawo da tsumman goge kwano da ƙusar allo biyu. Ta taka doguwar kujera da takalminta, abin da ko jariri ba ta yarda ya yi, ta lulluɓe Machteld da tsumman. Ta ciro katakon gefe da hannu ɗaya, sai ga rabin Neeltje da ya ɓuya tun kafin a haifi Baba.

"Shekara hamsin ina goge wa matar nan ƙura duk Asabar," ta ce. "Mu ne dai har yau muke yi mata aiki. A kan loma ɗaya ta cuku, cikin Janairu." Ta sauko ta nuna tsumman da yatsa. "Ku ji da kyau. In akwai sauran jinin matar nan a duniya, kada Allah ya sa ya tako min ƙofa. Ko ruwan famfo ba zai sha a gidan nan ba."

Baba ya ce, "Haka ne, Yaya."

Ta juya kan Hidde. "Kai kuma, cire wannan shirmen daga wuyanka. Kaf dangin nan babu mai iya duban idona ya gaya min abin da ba na so. Renske, akwai cuku a firji, ki yanko masa. Kada ki ƙirga."

Ban tsaya yankan cuku ba. Na faɗa banɗaki na murza makulli, na ɗaga kalanda. Tara ga Oktoba an goge fensir ɗin tas. A wurinsa an rubuta Hidde da shuɗin biro, an danna har ya fito ta bayan Nuwamba. Na koma baya ina dubawa, a ranar biyu ga Fabrairu na ga wani sabon suna, shi ma da biro. Neeltje. Ashe har ranar da aka yi mata baftisma Gwaggo ta haddace daga bangon.

Na zauna a kan murfin masai ina kuka ina dariya. Ina cikin haka wayata ta yi motsi. Hidde ne, daga falo, taku shida tsakaninmu.

"Kin tuna abu na biyun da na ce ina jira? Amsa ta zo muna kan hanya."

"Ba yanzu ba. Kana BIRO, Hidde. Biro!"

"Na ji daɗi ƙwarai. Machteld ta haifi 'ya ɗaya. Na bi layinta har ƙasa. Ya ƙare a kan mahaifiyata."

Na ƙura wa wayar ido. Dogon hanci mai tudu a tsakiya. Abin da ya taɓa ni a gidan tarihi kenan, hanci ɗaya ne sak, ni da kaina na auna shi na zaɓa masa tabarau.

Na rubuta da yatsu biyu. "Ka rufe bakinka. Ka cika shi da cuku. Ka yi tari. Ka suma in ya kama."

"Ba zan je mata da maganar ba."

"Yauwa."

"Amma ta ga ina kallon waya, ta tambaye ni me aka ce."

Na ɗaga kai na dubi kalandar. Biro ba ya goguwa, wannan kam na sani, sai dai takarda tana yankuwa. Amma a kan 'yar tagar banɗakin, kusa da sabulu, ga ƙaramin almakashin da Gwaggo take yanke farce da shi. Na ɗauke shi na zura a cikin safata.

Yanzu haka daga nan ciki nake rubuto muku, ƙofa a kulle, Oktoba a ƙirjina. Falon ya sake yin shiru. Ga takun Gwaggo nan yana matsowa, ta tsaya, ta ƙwanƙwasa sau biyu.

"Renske," ta ce, muryarta a kwance. "In kin gama, fito min da kalandar nan."